Tsiro Ba Ya Ƙarya

A watan Oktoban bara, ana idar da sallar asuba wayata ta yi ƙara. Ɗan ƙanena ne, muryarsa a raunane. "Baffa, don Allah in da hali ka leƙo yau. Tumatirina sai faɗuwa yake yi." Yaron ya gama difloma shekara biyu ke nan, ya gaji da zagayen ofisoshi da takardu a hannu, sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi irin tumatir na zamani da tiren roba goma sha biyu. Ya kwashe tarkacen da ke shagon ƙofar gidansu ya mai da shi wurin renon iri. Burinsa ya reni dashe ya sayar wa masu lambu, in abin ya karɓe shi ya faɗaɗa.

Ina shiga shagon, warin danshi ya fara tarbata, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba da damina. Taga ɗaya ce, ita ma 'yar ƙarama. Tsiron ya fito, amma duk ya yi zaƙwal, siriri fari fat kamar tsinken ashana, kowanne ya karkata wuyansa wajen tagar nan. A tsakiyar tire uku kuwa sun kwanta, kamar wani ya ɗora musu tafin hannu. Na zaro ɗaya na kai shi bakin ƙofa. Ganyensa shar, amma daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya zama kamar zare, ya yi ruwan ƙasa, ya jiƙe. Na ɗaga tiren, na ji shi da nauyi, ruwa na ɗiga ta ƙasa.

Na ce, "Sau nawa kake ba su ruwa?"

Ya ce, "Sau uku, Baffa. Wata rana huɗu. Tsoro nake kada su bushe, ka san kuɗin irin nan."

Ina tsaye da mataccen tsiron a hannu, zuciyata ta koma shekara arba'in baya, gefen bedin mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Mu 'yan yankin Kadawa ne. Kakanninmu da jigo suka yi noman rani a bakin fadama, guga ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗa ta gaji. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, ruwa ya biyo magudana ya ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar da a da take zama fayau da rani ta koma kore. Ni na buɗe ido na tarar da magudanar a bayan gari, muna wanka a cikinta. Amma renon iri bai sake zani ba. Yadda Baba ya gani a wurin nasa uban, haka yake yi.

Da damina ta fara ɗaukewa, wajen ƙarshen Satumba, sai ya zaɓi wuri mai ɗan tudu kusa da ruwa, inda ba a shuka tumatir ko tattasai bara ba. Mu kafce shi, mu farfasa hoge har ƙasar ta yi laushi, a ɗaga bedi wanda faɗinsa bai wuce yadda hannu zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe ba. Daga nan mu jibga karan dawa da busasshiyar ciyawa a kai, a cinna wuta. Mu yara wannan ce ranar da muka fi so. Kashegari a cakuɗa tokar da ƙasa, a zuba takin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya huce.

Iri kuwa aikin Inna ne. Tun bara ta ware manyan 'ya'yan da suka nuna a jikin uwa mai lafiya, ta matse su a kasko, ta bar su kwana biyu su yi tsami, ta wanke, ta shanya a faifai a inuwa, ta gauraya da toka ta ɗura a kwalba. Ranar shuka Baba yakan haɗa irin da rairayi don kada ya taru wuri ɗaya, ya ja layi da yatsa, ya barbaɗa, ya shafa ƙasa sama-sama, sannan a lulluɓe da ciyawa. Ban ruwa da ƙwarya ake yi, kuma ba a kwarara shi kai tsaye: sai ka tara tafin hagu, ruwan ya bugi hannunka ya watsu. Da safe kawai. In na kawo ƙwarya da yamma, sai ya ce in fara tura yatsa cikin ƙasar. In na ji sanyi, in mayar da ruwan inda na ɗebo shi.

Daga kwana na biyar, kullum da sassafe za ka gan shi a durƙushe yana ɗaga ciyawar a hankali yana leƙawa. Ranar da ya ga 'yan fararen ƙugiyoyi sun fasa ƙasa, a ranar za a yaye ciyawar, a kafa 'yan sanduna masu baki biyu, a ɗora ta sama ta zama 'yar rumfa. Kowane kwana biyu ko uku sai ya zare kaɗan daga rumfar, har ranar da babu komai tsakanin tsiron da rana. Inda suka cunkushe ya cire wasu ya yar, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau. Na taɓa tambayarsa me yake kallo haka kullum. Ya ce, "Shuka ba ta da baki, amma ba ta ƙarya. Abin da ke damunta yana rubuce a jikinta. Ka duba kafin ka taɓa."

Sai da na girma wani malamin gona ya fassara mini abin da Baba yake yi. A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, irin su Fitiyam da Rizoktoniya, waɗanda ke kama ɗanyen kara daga gindi su ruɓar da shi, kuma ba abin da suke so kamar danshi da cunkoso da rashin iska. Wutar karan dawa tana rage su a saman ƙasa, ta ƙone 'ya'yan ciyawa. Tudun bedi yana tsane ruwa. Ban ruwan safe yana ba gindin tsiro damar bushewa kafin dare. Baba bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya san halinsu sarai.

Ba zan ce wancan zamani ba shi da asara ba. Akwai shekarar da ruwan ƙarshe ya sauko da ƙarfi cikin dare ya daka bedin gaba ɗaya. Gyare yana yanke tsiro, ƙadangare yana tsinka, akuya kan ɓalle ta yi ɓarnar mako uku cikin minti biyar. Ranar dashe kuma, duk yadda aka jiƙa bedin, sai saiwoyi sun tsinke wajen cira. Dashen yakan yi kwanaki a langaɓe kafin ya farfaɗo, wasu ba sa tashi, sai an bi an cike gurbinsu. Abin da ya sa ba a jin zafin asarar shi ne iri kyauta ne. An zuba da yawa, an san wasu za su tafi.

Sauyi ya shigo sannu a hankali. Da farko irin gwangwani ne, Roma da wanda manoma ke kira UTC, mai taurin fata da ke jure doguwar tafiya a kwando daga Kwanar Gafan har Legas. Kwalbar Inna ta fara komawa lungu. Sai shekarar 2016, shekarar da aka buɗe kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote a Kadawa, kuma shekarar da tsutsar nan da mutanenmu suka raɗa wa suna Sharon ta share gonaki. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta cin hanya, feshi bai cika samunta ba. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar. Duk wanda ya yi cefane a lokacin yana tuna yadda tumatir ya gagari talaka. Bayan wannan girgiza, maganar ingantaccen iri da reno a cikin rumfar raga ta ƙara ƙarfi a bakin manoma.

Yau irin da ake yayi shi ne wanda aka yi wa aure, ana sayar da shi a 'yar leda mai sheƙi, ana auna shi da giram. Giram ɗaya ƙwaya ɗari uku ne ko sama da haka kaɗan, kuma kowace ƙwaya da kuɗinta. Ba ka iya ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi, domin ba za su biyo uwarsu ba. Wanda ya sayi irin nan ba zai watsa shi a ƙasa gyare ya ci ba. Saboda haka aka koma tire mai rami 128 ko 200, kowane rami ƙwaya ɗaya, a cika shi da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da ake kawowa a dunƙule kamar bulo, a jiƙa shi ya kumbura. Masu hali suna da rumfar raga. Marasa hali, irin ɗan ƙanena, sukan shiga da shi ɗaki.

A nan ne abin da nake son faɗa yake. Bedin da ke fili, rabin aikinsa ba manomi ke yi ba. Allah ya hore masa rana tun daga fitowarta, iska tana kaɗa shi tana busar da gindinsa tana ƙarfafa karansa, ƙasa tana shanye rarar ruwa, tana kuma ciyar da shi. Ranar da ka ɗauke tsiro ka shiga da shi tsakanin bango huɗu, ka raba shi da akuya da ruwan ƙarshe, gaskiya ne, amma ka raba shi har da waɗannan ni'imomi. Haske da iska da abinci da awon ruwa duk sun dawo wuyanka. Ga kuma tsadar iri ta sa maka tsoro, shi kuwa mai tsoro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya: ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya rufe taga. Yawancin tsiron da na gani ya mutu a ɗaki, a hannun mai ƙaunarsa ya mutu.

Muka zauna a kan benci ni da yaron, muka bi tiren ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa kada ya tambaye ni magani tukuna, ya fara gaya mini abin da idonsa ya gani.

Ya ce sun yi tsawo sun rame. Na ce yunwar haske ce. Tsiron da bai sami rana ba, duk ƙarfin da ke cikin ƙwayarsa yake zubawa a tsawo, yana neman inda hasken yake, shi ya sa ka ga sun karkata. Hasken da ya ishi mutum ya karanta jarida bai ishi tumatir ba. Iri ba ya buƙatar rana kafin ya fito, amma ranar da ya fasa ƙasa, a ranar yake son ta, kamar yadda Baba ke yaye ciyawa. Kwana biyu na jinkiri ya isa ya ɓata shi.

Ya ce waɗancan sun faɗi. Na nuna masa tsukakken gindin. Wanda ya kwanta ya kwanta ke nan, babu maganin da zai tashe shi. Abin yi shi ne a cire shi tare da abin da ke raminsa da maƙwabtansa na kusa, a fitar da su daga ɗakin, a tsai da ruwa har saman ya bushe, a buɗe wa sauran iska. Tiren da cutar ta taɓa kuma, kafin a sake shuka a cikinsa sai an wanke shi da ruwan bilic an shanya a rana.

Ya ce wasu sun yi ɗorawa. Na ce a nan sai an yi hattara, domin abu uku kan kawo wannan, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. In kunnuwan farko ne, 'yan ganye biyun nan masu santsi, suka yi ɗorawa bayan ganyen gaskiya ya fito, ba komai, sun gama aikinsu ne. In ganyen ya yi ɗorawa kuma ya langaɓe alhali ramin a jiƙe yake, zaro ɗaya ka duba saiwa: lafiyayyiya fara ce tas, wadda ruwa ya shaƙe kuwa takan yi duhu ta yi laushi. Saiwa ma numfashi take yi. In kuwa saiwar fara ce, ruwa daidai, amma ganyen ƙasa na koɗewa, to yunwa ce, domin ɓawon kwakwa ba ƙasa ba ne, babu abincin kirki a cikinsa. Da ganyen gaskiya ya fito sai a fara ba shi taki narkakke, tsarma-tsarma ƙwarai. In ka ga bakin ganye ya ƙone kamar an kara masa wuta, hannu ya yi nauyi, ko kuma ba a wanke gishirin da ke cikin ɓawon ba kafin a shuka.

Akwai ramukan da ba su fito ba sam. Muka tona biyu, muka tarar ya binne irin da zurfi, kusan gaɓar yatsa guda. Rabin santimita zuwa ɗaya ya isa. Na kuma ja masa kunne game da kwanon rufin shagon: tumatir ya fi son ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 30 kafin ya fito, in zafi ya haura 35 fitowar takan lalace, da sanyin hunturu kuma takan yi nawa. Attarugu ya fi kowa jan rai, yakan yi mako biyu har uku, kuma mutane da yawa sun zubar da tirensu suna zaton irin ya mutu alhali yana hanya.

A ranar muka fitar da tiren tsakar gida. Muka kafa 'yar rumfa da sanduna, muka lulluɓe ta da tsohon gidan sauro mai ƙananan ido, saboda farin ƙuda, wanda ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye ya sa wa tsiro tun yana jariri, ba a gane ba sai ya je gona. Da yake sun saba da duhu, ranar safe kawai muka fara ba su, ana ƙarawa kullum. Na ce masa daga yau, kafin ya taɓa buta, ya ɗaga tiren ya ji nauyinsa. Yatsan Baba ne ya koma tafin hannu.

Tire uku sun tafi, tara suka rayu. Bayan mako huɗu, da ganyen gaskiya huɗu zuwa biyar, ya rage musu ruwa na mako guda, ya bar su a rana sosai don su yi ƙwari, sannan muka ɗora su a mota zuwa ƙauye. Wani dattijo abokin Baba, wanda har yau bai bar bedinsa ba, ya tura yatsa ta ƙarƙashin tire ya turo ɗaya. Dashen ya fito da curin saiwarsa fari, a dunƙule, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya ce, "Wannan ba zai yi zazzaɓin dashe ba." Haka kuwa aka yi. Aka dasa da yamma, da safe suna tsaye.

Wannan riba ce da ba mai musunta. Wata ribar kuma, sana'ar ta shiga cikin gida. Na san matan da ba sa zuwa gona, amma suna renon tattasai da tumatir a tsakar gidansu, suna sayarwa, suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. A zamanin Inna, rabon mace a wannan aiki ya tsaya ne a kan kwalbar iri.

Amma akwai abin da nake kewa. A garinmu da, ba a sayar da dashe. Wanda akuya ta ci bedinsa, ko wanda rashin lafiya ta hana shi shuka a kan kari, sai ya zo ya yi sallama, Baba ya ce, "Shiga ka cira." Ba a ƙirgawa. Baɗi in namu ya lalace, mu ma mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Yanzu kowane rami da lissafinsa, kuma ban ga laifin kowa ba, domin wanda ya sayi ƙwaya da kuɗi dole ya ƙirga. Sai dai na roƙi ɗan ƙanena abu ɗaya: a kowane zubi ya ware tire guda wanda ba na sayarwa ba. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce, "To, Baffa." Tiren farko wata bazawara ya kai wa, mai 'yar garka a bayan gida.

Zamani riga ne, kowa da irin tasa. Ban ce a koma ƙona karan dawa ba, ban kuma ce a raina masu yi ba. Abin da na gane shi ne, tire da raga da irin leda sun sauya wurin da tsiro yake kwana, amma ba su sauya abin da yake so ba, ba su kuma sauya yadda yake faɗar damuwarsa ba. Siririn wuya, tsukakken gindi, ƙonannen bakin ganye, yadda suke a bedin Baba haka suke a shagon jikansa. Kayan aiki ana saye a kasuwa. Idon da ke karanta waɗannan alamu kuwa sai an durƙusa kullum da safe kafin a same shi.

A watan Disamba, hunturu ya kankama, yaron ya sake kira. Ya yi zubi na biyu. Ya ce bayan ganyen ya koma shunayya, har da karan. Na buɗe baki zan yi magana sai ya riga ni. "Na duba saiwar, Baffa, fara ce. Tiren ba nauyi, gindin lafiya lau. Ina jin sanyin dare ne ya hana su jan abinci. Zan riƙa shigar da su shago da magariba in fito da su da hantsi. Ba zan ƙara taki ba tukuna, zan ba su kwana uku in gani."

Na ce masa ya yi daidai. Da na ajiye wayar na daɗe zaune a kan tabarma, ina yi wa Baba addu'a. Yaron nan bai taɓa ganinsa ba, an haife shi shekara uku bayan rasuwarsa, amma ga shi ya duba kafin ya taɓa.